Gidan tarihin Rafindaɗi: a kalli ginin kafin a kalli kayan

Duk wanda ya tambaye ni ko gidan tarihin da ke Rafindaɗi a birnin Katsina ya cancanci mutum ya ba shi safiya guda, amsata ita ce ƙwarai kuwa, ya cancanta har da ƙari. Sharaɗina ɗaya ne: kada a shiga da gaggawa, kada kuma a zuba ido kan kayan da aka jera kaɗai. A ɗaga kai a dubi rufi, a dafa bango. Ginin da aka adana kayan tarihin a cikinsa shi ne babban kayan tarihin da ke wurin, kuma a wurina shi kaɗai ma ya isa dalilin zuwa.

Ga wanda bai sani ba, wannan gida shi ne tsohuwar Kwalejin Katsina, makarantar horon malamai da ta fara ɗaukar ɗalibai a 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. An sanya ginin cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1959, yanzu kuma yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta tarayya. A cikin gari yake, ba wata doguwar tafiya. Sai dai in Keke Napep za ka hau, ka ambaci tsohuwar kwaleji. Matashin da ya ɗauko mu haifaffen birni ne, amma da na ce masa gidan tarihi sai ya tsaya yana kallona. Sai da kawuna ya ce, "Tsohuwar kwaleji ta Rafindaɗi, samari," sannan ya gyaɗa kai ya ja.

Mu uku muka je: ni, da Kawu, da ɗan ƙanwata da ke aji biyar a firamare. Kawu magini ne na gado. Da tubali da azara ya ci abinci ya aurar da 'ya'ya, har zamanin bulo ya zo ya karɓe sana'ar daga hannunsu. Da gangan na ɗauke shi, kuma shawarar farko ke nan da zan ba mai karatu, ya tafi da dattijo, musamman wanda ya san wata sana'ar hannu. A bakin ƙofa aka tarbe mu da fara'a, muka biya kuɗin shiga waɗanda ba su taka kara sun karya ba, muka sa hannu a littafin baƙi. Wani ma'aikaci ya taso don ya zaga da mu. Da ya ga furfurar Kawu sai ya rusuna, "Baba, sannu da zuwa, an zo lafiya?" Tun daga nan har muka fita bai taɓa barin tsohon a baya ba, kuma duk tambayar da yaron ya jefa masa, kome ƙanƙantarta, sai ya tsaya ya amsa. Wannan ladabi na cikin abin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi.

Abin da zai fara tarbar ka da ka sa ƙafa ciki shi ne sanyi. A waje rana ta riga ta buɗe, irin wadda ke kora mutum gindin bedi, amma cikin ɗakin sai ka ji sanyi irin na ruwan randa. Yaron ya dinga waige-waige yana neman inda iskar ke fitowa. Kawu ya kama hannunsa ya ɗora a jikin bangon ƙofa, ya ce ya auna kaurinsa da tafi. Yaro ya aza tafi, ya sake azawa, ya kuma azawa, bai kai ɗaya gefen ba. Kawu ya ce, "To ka ga wannan kauri? Shi ne fankar. Kafin zafin rana ya ratsa shi, dare ya yi. In kuma hunturu ne, ɗumin da ya sha da rana shi zai sakar maka da dare."

Daga nan zancen ya koma hannun Kawu, ma'aikacin kuma, Allah ya saka masa, ya ja baya ya saurara. Ya ce ba kowace ƙasa ake gini da ita ba. Jar ƙasa mai birji ake haƙowa, a jiƙa ta, a zuba mata ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta tsima, a dawo a sake cuɗawa. Sannan a mulmula tubali da hannu, gindi faffaɗa kai siriri, a shanya su bushe. Wurin gini a tsaye ake jera su, kai yana duban sama, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango kuwa daga tushe yake da kauri, yana hawa yana sirancewa, don ya iya ɗaukar nauyin kansa da na rufi.

Rufin ne ya fi riƙe mu. Azara daga giginya ake tsago ta, kuma magina sun fi son ta namijin giginya saboda tauri, ga shi gara ba ta cika damun ta ba. Amma azara tana da iyaka: in aka shimfiɗa ta a ɗaki mai faɗi aka labta mata ƙasa, lanƙwasawa za ta yi. Dabarar da maginan Hausa suka yi wa wannan matsala ita ce bakan gizo. Ana kafa azara cikin bango tun daga ƙasa, a ɗaura wata a kanta ta ɗan leƙo, a ɗaura wata ta ƙara leƙowa, daga wancan bangon ma haka, har su haɗu a sama, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da ƙasa. Kawu yana faɗi yana nunawa da sandarsa, yana bin lanƙwasar tun daga inda ta taso har inda ta haɗu da 'yar'uwarta. Ma'aikacin ya tambaye shi, "Baba, to igiyar da ke ciki ba ta ruɓewa?" Ya ce, "In dai ruwa bai shiga ba, ɗana, tana nan yadda aka bar ta. Ruwa ne kaɗai abokin gabar wannan gini. Ka kula da indararo, ka yi yaɓe kafin damina, jikanka ma zai kwana a ciki."

Ya kuma kawo zancen makuba da laso, abubuwan da ake kare gini da su daga ruwa. Makuba daga ɓawon ɗorawa ake samun ta. Laso kuwa haɗi ne na katsi, wato abin da ake kwasowa daga gindin karofi a ƙona, da gashin jima, da dafara, wani tsiron daji mai yauƙi. Nan na tsaya ina tunani. Ashe soro guda ɗaya yana ɗauke da guminsu magini da marini da majemi da mai saran giginya da matar da ke dakan ɗorawa. In marina ta mutu babu katsi, in majema ta tashi babu gashi, in an sassare giginya ba a dasa ba babu azara. Shi ya sa ginin ƙasa ya yi mana wuya a yau: ba magina kaɗai suka ƙare ba, duk sana'o'in da ke riƙe da shi ne suka ja baya tare. Kuma abin yana ci mini rai yadda muka ɗauki ginin ƙasa alamar talauci. Mutum ya samu 'yan kuɗi, abu na farko shi ne ya rushe zauren kakansa ya kafa bulo da kwano, sannan ya kwana yana fifita cikin bazara. Ga gini nan ya haura shekara 100 yana tsaye da ƙafarsa, kowa ya je ya gani.

Sai tarihin makarantar kanta. Ma'aikacin ya iya ba da shi, ba irin haddar nan da ake zubawa ba numfashi ba. Ya ce Turawa sun zaɓi Katsina ne saboda daɗaɗɗen sunanta a fagen ilimi da addini, da kuma nisanta da layin dogo da hayaniyar manyan garuruwan ciniki. Ga kuma Sarki Dikko, wanda ya hau a 1906 ya yi mulki har 1944, mutum mai son sabon abu in ya ga amfaninsa, wanda ya je Makka ya kuma je Ingila tun a 1921. Daga lardunan Arewa ake turo ɗalibai, karatun shekara 5 ne, su koma su koyar a makarantun garuruwansu. Da yawa a ƙasa suke zuwa, tafiyar kwanaki, da kayansu a kai.

Da sunan garinsu ake kiran su, kowa kuma da lambarsa. Ahmadu Rabah, mai lamba 87, wanda ya yi karatu nan daga 1926 zuwa 1931, shi ne ya zama Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa. Abubakar Bauchi, mai lamba 145, wanda ya zauna daga 1928 zuwa 1933, shi ne Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya na farko. Kashim Ibrahim na Borno, wanda ya zama Gwamnan Jihar Arewa, shi ma nan ya yi, haka Aliyu Makaman Bida da Isa Kaita. A nan Sardauna ya ƙware a wasan fives, wanda ake buga ƙwallo a bango da tafin hannu, bai kuma bar shi ba har ya zama Firimiya. Da yaron ya ji cewa mutumin da ke jikin naira 5 da wanda ke jikin naira 200 duk sun zauna cikin waɗannan ɗakuna suna koyon lissafi kamar shi, sai ya tambaya ko su ma ana yi musu bulala. Ma'aikacin ya yi murmushi ya ce ai ɗalibi ɗalibi ne a kowane zamani.

Akwai wani ruɗani da ya kamata a gyara, don na sha jin sa a bakin mutane. Makarantar ta bar Katsina a 1938 ta koma Kaduna, daga can ta koma Zariya a 1949, ita ce kuma aka sa wa suna Kwalejin Barewa a 1971. Saboda haka Shehu Shagari a Kaduna ya yi nasa karatun, Yakubu Gowon da Murtala Muhammad kuwa a Zariya. 'Yan makaranta ɗaya ne da su Sardauna, amma ba su zauna cikin wannan gini ba.

Ban fito daga wannan sashe da yabo zalla ba. Turawa ba don ƙaunarmu suka gina makarantar ba. Malamai da ma'aikata suke bukata waɗanda za su riƙe musu mulkin En'e, kuma sun tsara ta yadda 'yan kaɗan ne za su shiga, akasari 'ya'yan masu sarauta da na kusa da su. Mace ko ɗaya ba ta zauna a waɗannan azuzuwa ba. Ka duba faɗin Arewa tun daga Sakkwato har Borno, sannan ka dubi yawan ɗakunan nan, za ka gane inda wani ɓangare na gibin ilimin bokon da muke fama da shi ya samo asali. Amma kuma daga cikin 'yan kaɗan ɗin nan ne aka samu waɗanda suka karɓi ƙasa a 1960. Duka biyun gaskiya ne, kuma tsayuwa cikin ɗakin ta fi kowane bayani sa mutum ya ji nauyinsu.

Kayan da aka jera kuwa, mafi yawansu na rayuwar yau da kullum ne ta kakanninmu: tukwane, kayan noma, kayan saƙa, kayan kiɗa, kayan yaƙi irin su takobi da mashi da kwari da baka. Yara wajen kayan yaƙi suke rugawa, namu ma haka ya yi. Ni abin da ya tsayar da ni ɗan ƙaramin abu ne da mutum zai iya wucewa bai lura ba, wato mazari. Siririn tsinke ne, da ɗan gululun yumɓu a gindinsa. Yaron ya ce mini, "Wannan kibiya ce?" Bai taɓa gani ba. Ni kuwa na tashi na tarar da kakata tana kaɗi da shi bayan la'asar, ƙafa a miƙe, auduga a hannun hagu, tana shafa alli a yatsu, ta murza shi ya yi ta juyi zare na fita. Daga hannun irinta zare ke zuwa wurin masaƙi, daga masaƙi sai marina, daga marina sai kasuwa, daga kasuwa sai bayan raƙumi. A ƙarni na 17 da na 18 Katsina na cikin manyan masaukan ayarin da ke ratsa Sahara ta Agadas, kafin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi su karkatar da cinikin zuwa Kano. A 1807 Ummarun Dallaje ya karɓi birnin, tsofaffin sarakunan kuma suka yi arewa, inda daga baya suka kafu a Maraɗi. Duk wannan dogon labari ana iya fara ba wa yaro shi daga kan wannan ɗan tsinke, in akwai babba a kusa da zai faɗa masa.

Ma'aikacin ya daɗe kan zancen Durɓi ta Kusheyi, kuma ya dace ya daɗe, don ko a cikin Katsinawa ba kowa ya san girman abin ba. Wuri ne a ƙasar Mani, gabas da birni, inda ake da manyan tuddai waɗanda kaburburan manyan mutanen da ne, da ake dangantawa da Durɓawa, gidan sarautar da ya riga Muhammadu Korau. Baturen mulki Palmer ya fara tona wurin a 1907, sannan a 1992 masu binciken kayan tarihi na Jamus da na Nijeriya suka sake tona wasu. An samu mutane an binne su da adonsu: duwatsun wuya, kuɗin wuri, mundaye, hauren giwa, zinariya, har da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen gabas. Bincike ya kai shekarun kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka dawo da su Nijeriya a 2014. Ka tsaya ka auna wannan. Kuɗin wuri daga teku yake fitowa, mu kuwa ina mu ina teku. Ke nan tun kafin Bature ya san hanyar ƙasar nan, mutanen wannan yanki suna cinikayya da duniya mai nisa, suna da dukiyar da za su saya, suna da sarautar da ta isa a binne ta da zinariya.

Wanda ya zo da niyyar ganin Gajere, takobin da tarihi ya haɗa da Korau, ya sani cewa wannan kayan sarauta ne, a fada suke, a Gidan Korau.

Kukana ba da gidan nake yi ba, da mu nake yi. Na leƙa littafin baƙi sa'ad da nake sa hannu, sai na ga sunayen garuruwa na nesa, wasu ma daga wajen ƙasa, 'yan gari kuwa sai ɗaiɗai. Muna alfahari da kirarin Katsina ta Dikko ɗakin kara, muna rubuta shi a Facebook, amma akwai magidantan da aka haifa a Ƙofar Sauri ko Ƙofar Durɓi, 'yar tafiya kaɗan daga nan, da har suka yi jikoki ba su taɓa leƙawa ba. Ganuwar da ta kewaye birnin a idonmu ta zaizaye, wani ya ɗebi ƙasarta ya yi gini, wani ya kafa shago a kanta. Malaman makaranta musamman nake roƙo: ku nemi izini ku kawo yara, aji aji, ba taron da zai cika wuri a yi ta hayaniya a fita ba. Yaron da ya dafa wannan bango da hannunsa ba zai manta da darasin ba. Namu har muka isa gida yana yi wa uwarsa bayanin bakan gizo da hannuwa biyu.

In ka fito da sauran ƙarfi, ka zarce hasumiyar Gobarau, don ziyarar ba ta cika sai da ita. Ita ma ginin ƙasa ce, tsawonta wajen mita 15, kuma tarihin baka yana kai ta zamanin Muhammadu Korau, sarkin da aka sani da karɓar Musulunci. Ragowar babban masallaci ce da ya kasance cibiyar karatu, a birnin da Shehu Al-Maghili ya sauka a ƙarshen ƙarni na 15, birnin da daga baya ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17. Wanda ya ga kwalejin kaɗai zai iya zaton da ita ilimi ya fara a Katsina. Wanda ya haɗa da Gobarau zai gane cewa suna ne ta tarar a ƙasa, saboda shi ma aka kawo ta. Matakalar hasumiyar tana da matsi, Kawu a gindi ya zauna ya jira mu, don haka a yi la'akari da tsofaffi da masu ciwon gwiwa.

A je ranar aiki, da safe, kafin rana ta yi tsaka. A tafi da ruwan sha, a sa takalmin da ba zai gajiyar da ƙafa ba. A nemi izini kafin a ɗauki hoto, a kuma ja wa yara kunne tun daga gida cewa kayan da aka jera ba na taɓawa ba ne. A yi tambaya sosai, don ma'aikatan sun san fiye da abin da ke rubuce a jikin kaya, kuma suna jin daɗin mai tambaya. Durɓi ta Kusheyi kuwa a ware mata rana daban, a nemi ɗan ƙasar Mani da ya san wurin ya yi rakiya, a kuma tambayi halin da hanya take ciki kafin a tashi.